Gwajin jinin cutar Aleutian a mink: sabis ɗin na da sauri, amma takardarsu bata gaya maka halin da ƙoda ke ciki

Lab ɗin da gonarmu ke aika wa jinin mink don gwajin cutar Aleutian, wata cutar bairos mai lalata musu ƙoda, gaskiya suna aiki, kuma suna yi da sauri, idan tambayarka ita ce wacce dabba ce ta taɓa haɗuwa da bairos ɗin to zasu baka amsa mai kyau ba tare da ɓata maka lokaci ba. Amma in abinda kake son sani shine wacce dabba ce ƙodarta ke lalacewa, wacce zata kai lokacin barbara a watan Maris wacce ce bazata kai ba, toh takardar da suke turowa bata ɗauke da wannan amsar, kuma abinda yafi damuna basa fitowa fili su gaya wa manomi hakan.

Ni likitan dabbobi ne, ina ƙarin karatu a Finlan, kuma ina taɓa aiki a wata gonar mink a yankin Pohjanmaa da ke yammacin ƙasar, inda mafi yawan gonakin dabbobin gashi suke. Bazan ambaci sunan lab ɗin ba. Ga wanda bai san mink ba, wata 'yar dabba ce mai cin nama, doguwar jiki gajerun ƙafafu, yanayinta kusan na tunku, asalinta daga Arewacin Amurka, ana kiwonta a keji saboda fatarta da ake ɗinka riguna masu tsada da ita. Mu bamu da ita a gida, shi yasa lokacin da muke makaranta cutar nan layi biyu ce kawai a littafi, misalin da ake kawowa idan an zo darasin yadda garkuwar jiki ke juyowa ta cutar da mai ita. Sai da na zo nan na ga yadda take cin dukiyar mutane. Manoman nan plasmasytoosi suke ce mata, kuma kalma ce da ba'a son ji a gona.

Bari in fara da yadda sabis ɗin yake. Kana yin oda sai su aiko maka da wasu takardu masu tsotse jini da aka yanka da haƙora haƙora, kowane haƙori na dabba ɗaya ne kuma da lambarsa. Ɗaukar jinin aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya sa safar hannu ta fata mai kauri ya kamo dabbar, don mink in ta cije ka bata saki da wuri, ga ihu ga wani wari mai ƙarfi da take fitarwa ta bayanta idan ta tsorata, warin da ke bin rigarka har gida. Na biyun ya ɗauki abin yankan farce ya datse farce ɗaya na ƙafar baya ya ɗan shiga nama kaɗan, sai jini ya tsattsafo, ka ɗora kan haƙorin takardar ya tsotse, ka duba lambar keji ka duba lambar haƙori ka tabbata sun dace, a mayar da ita a kamo ta gaba. A kaka ake yin wannan, wajen Oktoba zuwa Nuwamba kafin a zaɓi waɗanda za'a bari don iri, cikin sanyin da yatsunka ke daskarewa, jinin ma kansa wani lokacin baya son fitowa sai ka ɗan murza ƙafar. In ya bushe ka sa a ambulan ka kai gidan waya. Shikenan.

A nan kam dole in yaba musu. Tsohuwar hanyar, wadda ake kira CIEP, wadda Cho da Ingram suka fito da ita a Kanada a 1972, sai ka tara jinin a cikin siraran bututun gilashi ka toshe bakinsu, a juya su a inji a raba ruwan jini, a zuba a kan jel a sa wuta, sannan mutum ya zauna ya dinga duba wani siririn farin layi da idonsa. Bututun suna fashewa a hanya, kuma ido na gajiya. Ita wannan ta takarda ELISA ce, hanyar auna antibodi a jini, wato sunadaran da garkuwar jiki ke ƙerawa don yaƙar bairos, wadda masu bincike a Jami'ar Helsinki suka haɗa da sunadarin ɓawon bairos ɗin mai suna VP2 suka wallafa a 2009, daga baya aka mayar da ita ta inji. Babu gilashi, babu buƙatar firij a hanya, kuma injin ne ke karantawa ba idon ma'aikacin da ya gaji ba. Sakamako yana shigowa ta imel cikin 'yan kwanaki, in ba a tsakiyar ruguguwar kaka ba da kowa ke turo nasa lokaci guda, lokacin kam yana ɗan jinkiri kuma waya ma bata cika shiga ba. Lambobi basu taɓa rikice mana ba, kuma waɗanda muka maimaita don mu tabbatar sun dawo da amsa iri ɗaya. Kuɗin kowane samfur ba wani mai yawa bane, sai dai in ka ninka shi da dubban dabbobi zaka ji shi a aljihu.

Ƙorafina ƙarami a wannan ɓangaren shine takardar bayanin da ke zuwa tare da kayan. Bata jaddada cewa dole jinin ya bushe ƙarau kafin a rufe ba, alhali a rumfar mink danshi baya ƙarewa, in aka sa a leda da sauran laima zai iya yin fumfuna su ƙi karɓa, aikin yini guda ya tafi a banza kuma sai an sake kama dabbobin an sake yanke musu farce. Sannan babu ko layi ɗaya mai ƙarfi kan tsaftace abin yankan farcen tsakanin dabba da dabba. Wannan ba ƙaramin abu bane fa, bairos ɗin yana cikin jini, dangin bairos ɗin fabo (parvo) ne irin wanda ke kashe mana 'yan kwikwiyo, bashi da rigar kitse a jikinsa don haka sifirit baya yi masa komai, sai bilic ko soda mai ƙarfi ko zafin wuta sosai. Kenan mai ɗaukar jini da kansa zai iya zama mai raba cutar keji keji. Ya kamata ace wannan ne abu na farko da manyan baƙi a takardar.

Yanzu ga babbar maganar, kuma sai an fahimci cutar kafin a fahimci me yasa nake cewa takardar sakamakon ta gaza.

An fara bayyana cutar a Amurka a 1956, Hartsough da Gorham ne suka rubuta ta, a jikin wani launin mink mai ruwan toka da shuɗi shuɗi da ake kira Aleutian, launin da ya ɓullo a wata gona a jihar Oregon wajen 1941 kuma ya yi tsada sosai har kowa ya ruga kiwonsa. Da farko an ɗauka ciwon gado ne na wannan launin kawai, don su ne ke mutuwa da sauri, kuma lallai suna da wata nakasa ta gado a fararen ƙwayoyin jininsu irin wadda ake kira Chediak-Higashi a mutane. Daga baya aka gano bairos ne kuma kowane launi yana kamawa, sai dai wasu sun fi wasu juriya.

Abin mamakin cutar shine a babbar dabba ba bairos ɗin ne da kansa ke cinye ƙodar ba. Jiki yana ganinsa sarai, yana kuma fitar da antibodi masu yawan gaske, suna manne masa amma basa kashe shi. Mafi muni ma, mannewar da suka yi ita ke taimaka masa shiga cikin makrofaj, wato ƙwayoyin da aikinsu haɗiye datti ne, don suna da hannun kama wutsiyar antibodi, sai su jawo shi ciki ya samu wurin zama ya ci gaba da haihuwa. Jiki ya ga abokin gaba bai tafi ba sai ya ƙara yawan ƙwayoyin filasma masu ƙera antibodi, su cika saifa da kaluluwa da ɓargo, su malala cikin hanta da ƙoda. Gama-gulobulin, wato rukunin sunadaran jini da antibodi ke cikinsa, wanda a lafiyayyen mink bai cika wuce kashi 20 cikin 100 na sunadaran ruwan jini ba sai ya ninka ko ya fi haka. Duk wannan antibodin da bairos ɗin suna dunƙulewa su dinga yawo a jini wata da watanni, kuma ina jini ke zuwa a tace shi in ba ƙoda ba. Duk wadda ta taɓa tace gasara ta san yadda abin tata ke toshewa in dusa ta yi yawa, ruwa ya daina wucewa, in ka matsa da ƙarfi kuma ya yage abinda bai kamata ya wuce ba ya wuce. Haka ƙananan matatun ƙodar da ake kira gulomerulus suke yi, dunƙulen su maƙale a bangonsu, su tayar da wasu sunadaran garkuwar jiki da ake kira kwamfilimen, kumburi ya tashi, bangon ya yi kauri, sunadari ya fara zuba cikin fitsari, yuriya kuma, dattin da ƙoda ke fitarwa ta fitsari, ta taru a jini. Jijiyoyin jini ma suna kumbura ta wannan hanyar. Shi yasa zaka ga dabbar tana rama duk da tana cin abinci, tana shan ruwa kamar me, dasashinta na jini, bakinta da gyambo, kashinta baƙi kamar kwalta. Matan kuma ciki ya ƙi shiga ko ya zube ko su haifi kaɗan. Jarirai sabbin haihuwa da uwarsu bata basu antibodi ba su nasu daban ne, huhunsu bairos ɗin ke kamawa kai tsaye su mutu cikin kwanaki.

Akwai gwaje-gwaje biyu na shekarun 1970 da duk wanda ya ji su zai gane inda matsalar take. An yi wa mink rigakafi da mataccen bairos sannan aka sa musu mai rai, maimakon su tsira sai ciwon ya fi tsanani a kansu. An kuma ba wasu maganin danne garkuwar jiki, cyclophosphamide, sai ƙodarsu ta kuɓuta daga lalacewa duk da bairos ɗin na nan a jikinsu. Har yau ɗin nan babu rigakafi babu magani. Don haka a wannan cutar antibodi ba alamar kariya bace kamar yadda muka saba, shi ne makamin da ke yin ɓarnar, kuma yawansa yana da magana.

Toh lab ɗin nan me suke turo maka? Jerin lambobi, kowace da alamar akwai ko babu. Alhali injin nasu adadi yake karantawa, wato ƙarfin launin da ya fito mai nuna yawan antibodi, sai su yanka layi su ce daga nan zuwa sama akwai, ƙasa babu, su jefar da sauran bayanin. Sai da muka roƙa kafin suka turo mana ainihin adadin, kuma ko da suka turo babu wani bayani kan yadda manomi zai karanta shi.

Na ga illar wannan da idona a teburin fiɗa. Mata biyu daga rumfa ɗaya, duka takarda ta ce akwai, duka aka fitar da su. Ta farko da ka ɗaga ta zaka ji nauyi, kitse fari tas ya rufe ƙodarta, da na ɓare fatar ƙodar sai ga ta sumul, launin hanta mai duhu, girmanta daidai, saifarta siririya. Wannan ta haifi 'ya'ya da yawa a watan Mayu kuma ta shayar da su duka. Ta biyun ƙashin bayanta kana ƙirgawa da yatsa, gashinta da tsilli tsillin farare da bai kamata ace suna nan ba, saifarta ta kumbura ta yi ninki, kaluluwar cikinta manya manya, ƙodar kuma ta ɗashe ta yi rawaya rawaya da ɗigo ɗigon jini da fari a samanta, fatarta na mannewa tana yagowa da nama. Da aka yanka aka duba a maikuroskof, tsakanin bututun fitsarin duk ƙwayoyin filasma ne sun yi cincirindo, idonsu, wato cibiyar ƙwayar, a gefe guda kamar yadda aka san su, gulomerulus ɗin sun yi kauri wasu ma sun riga sun mutu sun zama tabo, cikin bututun kuma ga sunadari ya daskare ruwan hoda. Dabba biyu, ɗaya tana bakin mutuwa ɗaya lafiyarta ƙalau, amma a takarda alama ɗaya. Da muka koma kan adadin da muka roƙo, ta biyun tana can sama, ta farkon kuma ta ɗan haura layin ne kawai. Bayanin yana hannunsu tun farko.

Kuma wannan ba sabon ilimi bane, an daɗe da sanin cewa mink da ba launin Aleutian ba kashi uku suke rabuwa idan sun kamu. Akwai waɗanda ciwon ke ci gaba har ya kashe, akwai waɗanda bairos ɗin ke zaune a jikinsu amma baya yi musu komai, akwai kuma waɗanda ke kore shi gaba ɗaya antibodin ne kawai ya rage. ELISA duk ukun zata ce akwai. Ta ɗaya gefen kuma, dabbar da ta kamu jiya ko shekaranjiya zata fito babu, don sai an ɗauki sati ɗaya zuwa biyu ko fiye kafin antibodi ya bayyana, sai ka bar ta cikin masu lafiya kana murna.

In zan yi adalci, ga gonar da take tas ko take da 'yan ƙalilan masu ɗauke da cutar, akwai ko babu ɗin ya wadatar, don manufarka ka kore bairos ɗin ne baki ɗaya, kuma ko waccan mai ƙibar tana iya zama tana zubar da shi a fitsari da kashi da miyau ko ta ba 'ya'yanta tun a ciki. Haka Denmak ta yi, sun fara shirin gwaji da fitarwa tun 1976, a 1999 aka sa doka a kai, har suka matse cutar ta koma yawanci a arewacin Jutland, kafin 2020 ta zo gwamnati ta sa a kashe duka mink ɗin ƙasar, kusan miliyan 17, saboda korona. Amma a wurin da cutar ta riga ta mamaye labarin daban ne. A Noba Skoshiya ta Kanada manoma sun yi shekaru suna gwadawa suna kashewa, wasu ma suka share gona tas suka wanke suka sayo sabbi, cutar ta sake dawowa, don bairos ɗin na daɗewa a ƙasa da katako da taki, ga kuma mink na daji da sauran namun dawa da ke ɗauke da shi suna zagaye gonakin. Dole da yawansu suka canza dabara suka koma zaɓar masu juriya, wato dabbar da ta kamu amma jikinta baya haukacewa da antibodi, tana haihuwa da kyau fatarta na kyau, kuma masu bincike a sashen noma na Jami'ar Dalhousie da ke Truro sun yi aiki sosai a kan haka. Ga irin wannan manomin, adadin shine komai, alamar akwai bata ƙara masa komai ba tunda kusan kowa a gonar akwai ne.

Abin da ya ba ni sha'awa ma shine tsohon gwajin aidin, wanda ake ɗiga ruwan aidin a kan ruwan jini a faranti, in gama-gulobulin ya yi yawa sai ya dunƙule baƙi baƙi. An raina shi don baya gane bairos, kowane ciwo mai tayar da gulobulin zai sa ya dunƙule, kuma baya kama wadda ta kamu amma bata yi nisa ba. Amma wannan raunin nasa shine amfaninsa ga mai neman masu juriya, don yana nuna maka wadda jikinta ya riga ya tafi da nisa. Na tambayi lab ɗin ko suna yi ko suna auna gama-gulobulin kai tsaye, basa yi a cikin wannan sabis ɗin. PCR suna yi in ka nema, ita ce ke nuna ko bairos ɗin kansa yana nan, amma ta fi tsada nesa ba kusa ba kuma ba kullum yake yawo a jini ba, a saifa aka fi samunsa, wanda ke nufin sai bayan dabbar ta mutu.

Wani zai ce me ruwanmu da ƙodar mink, dabbar da ko ganinta bamu taɓa yi ba. Ni dai tunda na ga wannan ƙodar na daina yi wa darasin kallon na jarrabawa. Hanyar lalacewar iri ɗaya ce da wadda Gilles da Hendrickse suka danganta da zazzaɓin cizon sauro nau'in Plasmodium malariae a yaran Ibadan a 1963, yara masu kumburin jiki da zubar sunadari a fitsari, kuma ita ce ake gani a ƙodar wasu masu ciwon hanta nau'in B da masu lupus, ciwon da garkuwar jiki ke faɗa da mai ita, da karnuka masu lishmaniya, cutar da wani ƙaramin ƙuda ke yaɗawa. Ciwo ya daɗe a jiki, garkuwa ta yi ta faɗa bata ci nasara ba, ƙoda ta kwashi ɓaraguzan. Mink na daga cikin dabbobin da aka fara koyon wannan a jikinsu.

Maganar ko ya dace a ci gaba da kiwon dabba a keji don fata kuwa tana nan, ƙasashe irin su Ingila da Holan da Nowe sun hana, a nan Finlan ma muhawarar ta yi zafi bayan murar tsuntsaye ta shiga gonakin a 2023. Ni dai matsayina, muddin dabbar tana hannunmu amana ce, kuma barin mai ruɓaɓɓiyar ƙoda tana fama da ƙishi da gyambon baki har zuwa lokacin fiɗa zalunci ne, kamar yadda kashe lafiyayyiya kan rashin fahimtar takarda asara ce. Duka biyun adadin nan da lab ɗin ke riƙewa zai rage su.

In da maki ake bayarwa, sauri da tsari da amincin lambobi zan basu huɗu cikin biyar ba tare da shakka ba, bayani da taimakon manomi kuma biyu. Ma'aikatansu suna da kirki in ka same su a waya, wata daga cikinsu ta zauna ta yi min bayanin inda suke yanka layin har na gamsu, amma bai kamata sai wanda ya karanci likitanci ya san me zai tambaya ne kaɗai zai samu wannan ba, mai gonarmu shekara da shekaru yana biyansu bai san akwai wani adadi a bayan alamar ba.

Duk wanda aiki ya kai shi irin wannan gonar, tun ranar yin oda ka rubuta musu cewa kana son adadin kowace dabba ba alama kaɗai ba, waɗanda suka faɗo kusa da layi ka ware su ka sake gwadawa bayan 'yan makonni, kada ka gwada 'ya'ya ƙanana da wuri don antibodin uwarsu zai ruɗe ka, kuma duk wadda ta mutu a rumfa ka buɗe ta ka kalli ƙoda da saifa, ka ajiye guntun saifar a firiza don PCR, guntun ƙodar kuma a fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa. Masu ajiye feret a gida, wata 'yar dabba dangin mink, su ma bairos ɗin yana kama nasu, sai dai su ya kan zo musu da raunin ƙafafun baya da rama a hankali, don haka in ka fito daga gona kada ka shiga wurinsu da takalmin da rigar da ka yi aiki da su.